Surukina, Bakaniken da Bai Taɓa Mallakar Babur Ba

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Surukina ya rasu a Bodinga ranar wata Laraba da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Ban taɓa faɗin sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yanzu don ya kwanta dama ba. Baba nake ce masa. Garin kuma ya san shi da Baba bakanike.

Kwana ukun zaman makoki, ƙofar gidan ta cika da babura har mai tallar goro ya rasa inda zai ajiye faifansa. Babu sabo ko ɗaya a cikinsu. Wani an ɗaure fitilarsa da roba, wani sirdinsa buhu ne aka naɗe. Wani mai fataucin albasa daga Danchadi ya shafa fatiha, ya ce, "Wallahi mutumin ga ya zage ni ya fi a ƙirga. Amma babur ɗin da yag gyara man tun ba a haifi autana ba, shi na hawo naz zo."

Wani tela da ke zaune kusa da ni ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Ba shi dai da daɗin baki."

Mutane suka fara harararsa. Sai muryar Gwaggo, ƙanwar marigayin, ta fito daga cikin zaure: "Ku ƙyale shi, gaskiya ta. Shi kanshi da shina nan ba ya bari a yi mai ƙarya bisa tabarmatai."

Akwai kuma wani Bafulatani daga Kajiji da ya zauna tun safe har la'asar bai ce uffan ba bayan gaisuwa. Da zai tafi sai ya tura babur ɗinsa da hannu, don girmama mamaci, har ya sha kwanar masallaci, sannan muka ji ya tayar da shi can nesa.

Kowa ya faɗi nasa, ni ban faɗi nawa ba, don bakina bai iya ɗaukarsa a gaban jama'a. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni abin da na sani game da Baba, a kan babur ɗaya na san shi, cikin bazara ɗaya, lokacin da ran 'yarsa ya rataya a kan ko injin zai tashi ko ba zai tashi ba.

Shekara talatin yana gyaran babura, bai taɓa mallakar nasa ba. Keke yake hawa, da akwatin sifanu ɗaure a baya. In an tsokane shi sai ya ce ya ga cikin babur da yawa, ba ya yarda da shi. Yawancin kwanaki yana ƙarƙashin darbejiyar bakin tasha a Bodinga. Ranar kasuwar Shagari kuma ya ɗora keken a bayan a-kori-kura, ya je ya shimfiɗa buhunsa gindin wata bishiya daidai bakin hanya.

Ba ya sauraren labarin mai babur. Ka zo da bayaninka tun daga ranar da ka saye shi, zai katse ka ya ce, "Taka in ji." Yana jin yadda kik ya sauka, ya riga ya san rabin ciwon. Samarin bakanikai suna cewa inji ba shi da kwamfireshan, shi kuwa cewa yake, "Ba shi riƙon iska." Bayaninsa a kai gajere ne: fistin ya hau sama ya matse iska da fetur, wuta ta kama, ƙarfi ya fito. In akwai inda iskar ke zurarewa, ko da fetur ɗin Makka ka zuba, aikin banza ne. Abin da ya fi ɓata masa rai a duniya shi ne bakaniken da kowace cuta fulogi yake canja mata.

A shekarun siyasar nan ta farar hula, wani ɗan jam'iyya ya kawo masa sabon babur fil, ya ce a fasa masa salansa, bututun hayaƙin nan, don ya riƙa ruri wurin yaƙin neman zaɓe. Baba ya ce shi gyara ya koya, ba ɓarna ba. Mutumin ya ce, "Ka san ko da wa kake magana?" Baba ya ce, "Da mai babur mai lahiya. Matsa, ka tare man haske." An yi wata biyu ana yi masa barazanar tashinsa daga gindin darbejiya. Bai ko matsar da buhunsa ba.

Gidansu gida ne mai jinin Fulani, kunyarsu kuwa ta wuce misali. Matata ita ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama hira da ita ba. A hannun Gwaggo ta tashi, in zai yi zancenta sai ya ce "yarinyar ga ta wajenki". Ni kuma mijinta, sai abin ya zama ninki biyu. Tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, ya amsa yana kallon gefe, kowa ya kama gabansa. Shekara huɗu da aure, maganarmu ba ta wuce "an wuni lahiya" ba. In faɗi gaskiya, ina taƙama da hakan. Ana cewa malamin nan ya san mutunci, ni kuma kaina yana ƙara kumbura.

A lokacin ina koyarwa a firamaren Mandera, can muke zaune. Ina da wani tsohon baƙin babur ɗan Japan da na saya hannun wani malamin gona, irin mai bawul, wanda ba a gauraya masa baƙin mai da fetur. Ban taɓa kai wa Baba shi ba. Yaya zan tsaya ƙiƙam, surukina yana tsugune cikin ƙasa a gabana? Wani bakanike nake kai wa, can ƙarshen kasuwar Shagari.

Babur ɗin yana da wata 'yar ƙara, kas-kas-kas, daga saman inji. Abokan aikina suka sa masa suna keken ɗinki, abin ya dame ni. Na ce wa bakaniken nan ya kashe ƙarar. Ya ce tafet ne, wato ɗan sukurun da ke danna kan bawul, kuma da gangan ake barin 'yar rata a tsakaninsu. Ya ce, "Malam, in anka matse da yawa ba kyau." Na ce, "Ni dai kada in ƙara jin ta." Ya matse. Babur ya yi tsit, na hau ina jin kaina. Mutumin nan ya gargaɗe ni, ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Shekarar ƙarshe ta mulkin farar hula, da shigowar bazara, matata ta fara tari. Tana goyon 'yarmu wata takwas. Muka ce zafi ne, muka ce shayarwa ce ta rame da ita, har ranar da na ga jini a bakin gyalenta. A asibitin Shagari aka ce tarin fuka ne, wanda ake kira tibi. Jami'in ya ce allura sittin, kullum guda, ga ƙwayoyi, kuma ya kama hannuna ya ce kada a tsallake. Magani ya yi wuya a lokacin, nata an ware shi da sunanta a nan, in mun bar Shagari ba lalle mu samu a wani wuri ba.

Duk wanda ya rayu a wancan zamani ya san yadda ake gudun mai irin wannan tari. Babu gidan da zai sauke ta a Shagari, babu mai ara maka abin hawa ka ɗora ta. Muka ɓoye. Bodinga ma na aika cewa zazzaɓi ne. Kullum bayan asuba in bar jaririyar wurin maƙwabciya, in goya matata, mu je a yi allura, in dawo in shiga aji. Ranar kasuwa kuwa, da yake hanyar asibiti ta gaban bishiyar Baba ta bi, sai in karkata ta bayan rumfunan masu hatsi, in zagaye.

Mun yi kamar sati uku lafiya lau, sannan babur ya fara. Kik ɗin da ke tokare ƙafata da, sai ya koma saɓulewa kamar na taka buhun ƙaiƙayi. Da safe sai na tura shi da gudu kafin ya kama. Ya riƙa atishawa ta salansa. Akwai wani busasshen rafi mai yashi a hanya, da can a giya ta biyu nake ratsa shi. Yanzu da mun shiga sai ya yi gurnani ya mutu, matata ta sauka ta taka da ƙafa, tana tafiya tana tsayawa tana dafe ƙirji, ni ina turawa ina zufa. Na koma wurin bakanikena, ya canja fulogi, ya wanke kafireta. Na sake komawa, ya sake wankewa.

Ranar farko da ya ƙi tashi gaba ɗaya, na ce gobe. Gobe ya tashi. Jibi ya ƙi, gata ya ƙi. Haka muka riƙa yi, rana a je, rana biyu a fasa, katin asibiti yana ta samun gurabe babu sa hannu.

Wata safiya ina ta fama da kik har takalmina ya tsinke, matata ta leƙo daga ɗaki ta ce a hankali, "Malam, ka kai ma Baba."

Na ce, "Da wane ido?"

Ita ma ba ta da bakin da za ta aika masa. Wannan amsa tawa, ban taɓa kwana ban ji ta a kunnena ba.

Allah ya kawo Gwaggo ganin jikarta, da ƙullin kuka da daddawa. Tana ɗaga labule ta ga abin da ya rage na 'yar da ta raina, ta zauna daɓas a ƙasa. Ta sa aka ba ta katin. Ba ta san boko ba, amma ta bi gurabe da yatsa tana ƙirga waɗanda ba a rubuta komai ba. Ta tashi, ko ruwa ba ta sha ba, ta koma Bodinga.

Washegari da hantsi ina tsakar gida, na ji sallama. Na fito na ga abin da ban taɓa zaton gani ba: surukina a ƙofar gidana, yana riƙe da keke, Gwaggo a bayansa. Mota ta sauke su a bakin titi, suka tako sauran. Na zube ina gaisuwa. Ya amsa a gajarce, ya wuce wurin babur, ya shimfiɗa buhu. Tsakaninmu bai fi kamu biyu ba, amma Gwaggo ya juya ya kalla.

"Hwaɗa ma malam shi taka in ji."

Na taka. Kik ya tafi ƙasa salin-alin. Ya kwance fulogi, ya toshe ramin da babban yatsansa, ya sa na sake takawa. Lafiyayyen inji, in ji shi daga baya, ture yatsan yake da ƙarfi har ka ji fat. Nawa ɗan huci kawai ya yi.

"Shi kawo cokali."

Ya auna baƙin mai cokali guda, ya tsiyaya cikin ramin fulogi, ya juya injin sau biyu, ya mai da yatsa. Na taka. Hucin ya ɗan ƙaru, amma ba wani abin kirki ba. Ya yi wa Gwaggo bayani kamar ita ce mai babur ɗin: man yana toshe gefen fistin na ɗan lokaci, da ringin da ke zagaye da fistin ne kaɗai suka cinye, da ƙarfin ya dawo sosai. Tunda bai dawo ba, akwai wata ƙofa a sama. Ya kara kunne a bakin salansa, ya sa na danna kik a hankali da hannu. Ni kaina na ji wani siririn tsaki yana fita.

Ya buɗe murfin tafet, ya kama ya girgiza. Ko motsi. Ya daɗe yatsansa yana wurin.

"Tambayi malam, wa yam matse wanga?"

Na ce wa Gwaggo, "Ni nas sa anka matse. Ƙara shika yi."

Ya kwance kan injin, ya kifa shi a kan buhu kamar ƙwarya, ya cika kwarmin da kananzir. Muna kallo, kananzir ya fara tsattsafowa ta ƙofar hayaƙi, ya jiƙa buhun. Ya zare bawul ɗin ya ɗaga shi sama. Gefensa ya ƙone ya yi fari, ga wata 'yar gaɓa kamar ɓera ya gatsa. Da aka hana shi rata, bawul ɗin bai ƙara zama daram a mazauninsa ba, wuta ta riƙa bi ta gefe tana cinsa kullum. Ya zare bulok kuma, wato gidan fistin, ya cire ringi ɗaya ya saka shi cikin ramin fistin, sai ga bakinsa a buɗe har tsinken ashana yana shiga.

A nan ne tari ya sarƙe matata a cikin ɗaki, irin mai tsawon nan da ba ya barin mutum ya ja iska. Baba ya tsaya cak da bawul a hannu har ta lafa. Sannan ya juyo ya dube ni cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Kwana nawa ba a yi mata allurar ba?"

Na ce, "Tara."

"Tara." Ya ajiye bawul ɗin. "Kai malami na, kana koya ma ɗiyan mutane lissahi. Kunyata kaj ji, ko ƙaurin suna kag guda? Kwana tara ka ɗebe cikin ran ɗiyata don kada a ce ba ka da ladabi."

Ban taɓa jin ya ce "ɗiyata" ba sai ranar. Gwaggo ta rufe fuska da gyale. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Ya kwance akwatin sifanu daga keke, ya ninka buhu ya ɗaure a mazaunin baya, ya turo mini. "Ɗauke ta yanzu. Inda yashi ya hana, ka sauka ka tura tana bisa. Kak ka bari ta taka ƙasa."

Da keken nan muka yi kwana huɗu. Tafiyar tana gigita ta, rana tana dukanta, muna isa sai ta kwanta a baranda kafin ta iya miƙa hannu. Kowa ya ga ba abin da zai ɗore ba ne, ga sauran allura fiye da talatin.

Shi kuwa a ranar ya hau mota zuwa birnin Sakkwato neman bawul da ringi. Shekarar ce kaya suka ɗauke, ana layin sabulu da madara. Sababbin babura masu tutar jam'iyya suna ta giftawa a titi, amma ya zagaye shagunan kayan gyara kaf, kantoci wayam, kowa sai ya ce an hana shigo da su. Ya kwana a Bodinga, da safe ya taka har fadamar Danchadi, inda ya tuna da wani mataccen injin ban-ruwa da aka yar a gindin mangwaro. Ya zare bawul ɗinsa. Ringi kuma ya tono wasu cikin tarkacensa, na wani babur da ya ɗan fi nawa faɗi.

Bawul ɗin injin ban-ruwa kaurin sandarsa ɗaya da nawa, amma ya fi tsawo, kansa kuma ya fi faɗi. A maƙerar Mandera ya yanke tsawon, ya fitar da wuyan da ɗan makullin riƙe bawul ke kamawa. Rage faɗin kan shi ne aikin. Ya aro abin huda katako na kafinta, mai juyawa da hannu, ya ɗaure shi a turmi, ya maƙala bawul a bakinsa. Dole wani ya juya, shi ya kara zarto. Da na dawo daga asibiti na sallami 'yan aji, sai in zauna in kama juyi. Gwiwata tana gugar tasa. Wuni biyu muka yi haka, hannuna ya yi bororo ya fashe, ba wanda ya ce da wani sannu.

Da kan ya yi daidai, ya kankare dutsen wasa wuƙa ya kwaɓa garin da baƙin mai, ya shafa a gefen bawul. Ya cusa sandar cikin guntun tiyo, ya riƙa murza ta tsakanin tafukansa yadda mata ke burga miya, ya ɗaga, ya juya, ya sake murzawa. Can ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Fensir." Na ciro daga aljihu. Ya ja layuka a kewayen mazaunin bawul, ya saka, ya juya kaɗan, ya ciro. Layi biyu ba su goge ba. Ya koma murza. Sai da kowane layi ya goge sannan ya mai da sifirin ɗin bawul, ya kifa kan injin, ya cika shi da kananzir, ya tafi sallar la'asar. Ya dawo ya tarar da kananzir yadda ya bar shi, buhu a bushe.

Ringin ya riƙa goge bakinsu da zarto kaɗan-kaɗan, yana gwadawa cikin bulok, har suka shiga da rata siririya. Ya goge cikin bulok da sanfefa da kananzir don sababbin su sami abin kamawa. Gaskit ɗin kan inji na jan ƙarfe ne, babu sabo, sai ya gasa tsohon a wutar maƙera har ya yi ja, ya tsoma a ruwa, ya yi laushi kamar sabo. Ya ɗaure noti huɗu a gicciye, kowanne kaɗan-kaɗan. Tafet kuma da reza ya auna shi: ta shiga, ta fita da ɗan ja.

Ya toshe ramin fulogi da yatsa ya ce, "Taka." Na taka, yatsan ya yi tsalle, fat. Ya ɗaura fulogi. Kik ya tokare ƙafata har sai da na hau shi da nauyina. Bugu na biyu ya kama, yana kas-kas-kas ɗinsa.

"Ka ji ta? Bar ta ta yi. Ran da tay yi shiru, ran nan za ka kawo man shi. Kak ka ja totur da ƙarhi sai ringin sun zauna. Bayan sati ka zubar da man ga ka sa wani."

Ya ɗaure akwatinsa. Na zaci zai shiga ya duba 'yarsa. Bai shiga ba. Ya tsaya jikin bangon ɗakin ta waje, kansa a sunkuye, ya ce wa Gwaggo, "Ki ce mata Allah shi sawwaƙe." Daga ciki muka ji ta ce amin.

Babur bai sake ƙin tashi ba ko sau ɗaya. Ya ratsa yashin nan da mu biyu kullum har aka cika allura. Da damina matata ta yi ƙiba, ta koma daka, har ta je Bodinga da ƙafarta ta gaida Gwaggo. Na ce mun tsira. Bayan an kai amfanin gona gida tarin ya dawo, wannan karon magani bai kama ba. Ta rasu kafin wata bazarar, 'yarmu tana koyon magana.

Na tambayi jami'in asibiti ko kwana taran nan ne. Ya ce Allah ne masani, ya ga wanda bai tsallake ko ɗaya ba ya tafi, ya ga wanda ya tsallake ya tashi. Na gode masa, amma ban sami abin da na je nema ba.

Shekara bakwai Baba ya yi bayanta. Soja suka karɓi mulki, rayuwa ta ƙara tsanani, mutane suka jingine babura suka koma keke, aikinsa ya ja baya har wata rana ba ya kwance noti ɗaya. Muka koma gidan jiya, ni da shi: in durƙusa, ya amsa yana kallon gefe. Bayan 'yan watanni sai Gwaggo ta aiko cewa in kawo babur a duba tafet. In kai, ya saka reza, ya fitar, ya rufe, in tafi. Na ɗauka shirun nan hukunci ne, kuma na karɓa, don na san na ci bashinsa abin da ba a biya.

Kwana biyu kafin rasuwarsa, ƙafafunsa sun kumbura ba ya iya tashi, ya aika a kira ni. Bayan la'asar ne. Ya ce Gwaggo ta ba mu wuri. Na tsuguna a bakin ƙofa, ya ce in matso, na matso, ya ce in ƙara.

Ya ce, "Ran kasuwa biyu kana zagayawa ta bayan masu hatsi."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Na ji ka. Tun daga kwanar mahauta nika jin injin ga, na san ba shi riƙon iska, na san bawul na. Ran na biyu har na miƙe tsaye." Ya huta, ya ja numfashi. "Na kuma ga wadda kag goyo. Namiji ba shi kai matatai gari da sassahe haka banza. Murya ɗaya za ni ɗagawa ka tsaya. Sai nic ce, a tsakiyar kasuwa, in ƙwala ma mijin ɗiyar fari kira? Mi za a ce? Nak koma niz zauna."

Na kasa ɗaga kai.

"Maganar da nig gaya maka a Mandera, da kai da ni nika yi. Kai ɗai kaj ji ta, don kai ad da ƙaramin baki, ba ka iya mai da man magana. Kwana taran ga ba naka ba na kai ɗaya. Raba su biyu." Ya lalubo hannuna ya riƙe, tafinsa kamar fatar ganga. "Shekara bakwai ina son in ce ka yahe man, ban iya ba."

Na yi kuka a gaban surukina, da sauti, kamar ba malami ba. Na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar da hannuna ya fashe ban saki juyi ba. Wadda ya kamata mu roƙa, mu duka biyun, ba ta nan.

An binne shi kabari huɗu tsakaninsa da ita. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa zafin bakinsa da shirunsa, ya haɗa shi da ɗiyarsa inda zai iya kiranta da sunanta. Wanda duk ya karanta wannan ya yi musu addu'a, in da saura ya sa da ni, don nawa rabin yana nan a wuyana.